Sharhi: Kokawar Windows da Linux, da yadda labarinta ke iso mana a Kokoro

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kokoro da sauran unguwannin Kilomita Biyar a nan Bangui: 'yan kasuwa, malaman makaranta, ɗalibai, masu gyaran waya da masu buga takardu. Yau maganarmu a kan wata kokawa ce da aka shafe sama da shekara 30 ana yi, wadda da yawanmu ba mu ma san ana yin ta ba, alhali fagenta na cikin aljihunmu da kan teburan shagunanmu. Kokawa ce tsakanin manhajojin da kamfanoni ke sayarwa, irin su Windows, da waɗanda jama'a suka haɗa hannu suka rubuta suka sakar wa duniya, irin su Linux. Za mu kuma duba yadda jaridu da gidajen rediyo da talabijin ke ba da labarinta, domin a ganina a nan gizo ke saƙa.

Mu fara da fayyace abin da ake magana a kai. Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani tana da wata babbar manhaja mai tafiyar da ita. Ita ce ke tashi in ka kunna na'urar, ita ke karɓar umarni daga madannai, ita ke tura takarda zuwa firinta, ita ke ba sauran ƙananan manhajoji mazauni. In babu ita, kwamfuta ƙarfe ce da roba. Wannan babbar manhaja gida biyu ce. Gidan farko na kamfanoni ne: Microsoft na da Windows, Apple na da macOS da iOS. Kamfani ke rubutawa, ya ɓoye asalin rubutun, ya sayar maka da izinin amfani kawai, wato lasisi. A gida na biyu kuwa asalin rubutun a buɗe yake. Kowa na da damar ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya ba wanda ya ga dama, ba tare da ya taka doka ba. Linux ce babbar wannan gida, kuma tana fitowa da sunaye iri-iri, kamar Debian, Ubuntu, Fedora da Linux Mint. Ka ɗauka babura biyu ne. Ɗaya an garƙame injinsa, makullin na hannun kamfani, in ya lalace sai abin da kamfani ya ce. Ɗayan kuma kowane makanikin da ya iya aikinsa a bakin titin Koudoukou zai iya buɗe shi ya gyara, har ya koya wa yaronsa.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. Bill Gates da Paul Allen sun kafa Microsoft a 1975, Windows ta farko ta fito a 1985. A 1983 wani masani a Amurka mai suna Richard Stallman ya shelanta shirin GNU, da niyyar a gina babbar manhajar da ba wanda zai mallake ta shi kaɗai. A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta jigon da ya rage wa wannan aiki, ya sa shi a intanet, ya ce duk mai so ya zo a yi tare. Jigon nan shi ne Linux. Debian ta biyo baya a 1993. A 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya zuba kuɗinsa aka fitar da Ubuntu, wadda ta sauƙaƙa wa talaka amfani da Linux, har a shekarun farko suna aiko da faifanta ta gidan waya kyauta ga duk wanda ya nema.

To ta yaya duniya ta ji labarin kowane gida? Ranar 24 ga Agustan 1995, da aka ƙaddamar da Windows 95, Microsoft ya saye dukkan bugun jaridar The Times ta London na wannan rana, aka raba wa jama'a kyauta. A New York an haska dogon benen Empire State da launukan kamfanin. Mutane sun yi layi da tsakar dare a ƙofar kantuna. Shekara huɗu kafin nan, sanarwar haihuwar Linux gajeren saƙo ce da wani ɗalibi ya aika wa 'yan uwansa masu sha'awar kwamfuta. Ba ɗan jarida ko ɗaya a wurin, ba shayi, ba takardar gayyata.

Wannan bambanci bai gushe ba har yau, kuma dalilansa a fili suke. Na farko, jarida da talla take rayuwa, mai talla kuwa shi ne mai abin sayarwa. Na biyu, kamfani na da ofishin hulɗa da 'yan jarida, wanda zai rubuta labari tsaf, da hoto, da alƙaluma, ya turo wa editan da lokaci ya ƙure masa. Dubban masu sa kai da ke warwatse daga Jamus zuwa Indiya ba su da mai yi musu wannan hidima. Na uku, labari na son fuska, yana son rana, yana son faɗa. Na huɗu, shi kansa ɗan jaridar a kan Windows ya koyi aiki, a kanta yake rubutu, don haka ita yake gani a matsayin kwamfuta, sauran kuwa baƙi ne. Ba sai an ba kowa cin hanci ba kafin labari ya karkata. Sabo da gaggawa sun isa.

Da Linux ta fara ƙarfi, sai faɗan ya fito fili, kuma a shafukan jaridu aka yi shi. A 1998 wasu takardun cikin gida na Microsoft suka fallasa, inda ma'aikatansa suka amince cewa buɗaɗɗiyar manhaja barazana ce ta gaske, suna kuma shawarar yadda za a tare ta. A 2001 shugaban kamfanin na lokacin, Steve Ballmer, ya kamanta Linux da ciwon daji a wata hira da jaridar Chicago Sun-Times. Bayan haka kamfanin ya buɗe wani gangamin talla mai nuna cewa in aka haɗa lissafi duka Windows ta fi araha, kuma wasu daga cikin binciken da aka kafa hujja da su kamfanin ne ya biya aka yi. Su ma magoya bayan Linux ba su tsira daga laifi ba. Shekara da shekaru suna shelar cewa bana ne Windows za ta faɗi, bana ta wuce, baɗi ta zo, Windows na nan daram. Wasunsu kuma sun mai da abin kamar aƙida, suna raina duk wanda bai bi su ba, abin da ya kori mutane da dama da suka zo da niyyar koyo.

Ku dubi misalai biyu daga Turai, ku ga abin da jarida ke ɗauka da abin da take bari. A 2003 majalisar birnin Munich ta Jamus ta yanke shawarar barin Windows. Ballmer da kansa ya je ya gana da magajin garin, Christian Ude, amma birnin bai canja ra'ayi ba, kuma zuwa 2013 an mai da kusan kwamfutoci 15,000 kan Linux. A 2016 Microsoft ya mai da hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin Munich, a 2017 sabuwar majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Wannan koma-baya ya zaga duniya, aka yi ta buga shi a matsayin shaidar cewa Linux ba ta iya aikin ofis. A daidai waɗannan shekaru, rundunar jandarmomin Faransa ta fara da sauya manhajar rubutu a 2005, ta shiga Ubuntu a 2008, sannu a hankali ta mai da dubun-dubatar kwamfutocinta, kuma ta ci gaba da aikinta. Mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa jin wannan? Abin da ya tafi daidai ba ya cika zama labari.

Misalin da ya fi kusa da mu ya faru ne a Najeriya a 2007. An shirya raba ƙananan kwamfutoci 17,000 na kamfanin Intel, waɗanda ake kira Classmate, ga makarantu. Wani ƙaramin kamfanin Faransa mai suna Mandriva ya ci cinikin saka musu Linux. Ana cikin haka sai labari ya zo cewa za a karɓi kwamfutocin, a biya Mandriva kuɗinsa, amma a goge Linux a saka Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa a ƙarshen Oktoba, cike da ɗacin rai, yana tambayar me aka yi wa abokin cinikinsa har ya juya. Wasiƙar ta bazu a kafafen fasaha na duniya cikin kwana ɗaya. Microsoft ya ce bai karya wata doka ba. Daga bisani hukumar gwamnatin da ta biya kuɗin 11,000 daga cikin kwamfutocin, wato asusun USPF, ta ce ita Linux take so a bar mata. Magoya baya suka yi ta murna. Amma ku lura da yadda aka ba da labarin: faɗa tsakanin wani Bafaranshe da wani Ba'amurke, da Turanci da Faransanci, a kan 'ya'yan Afirka. Mafi yawan rahotannin ba su tsaya tambayar ko makarantun na da wuta ba, ko an horar da malaman, ko wa zai gyara na'urar in ta mutu a wata na uku. Da ƙura ta lafa, manema labarai suka kama gabansu. Shi ma Mandriva ya durƙushe a 2015.

Yanzu mu dawo gida. Labarin da ke zuwa mana daga waje yana cewa gasar tsakanin mai tsada ce da ta kyauta. A Kilomita Biyar wannan lissafi bai zauna ba. Yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu na hannu ne, sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Douala, sun biyo manyan motoci ta Garoua-Boulaï da Béloko, ko kuma sun zo a jakar fatake daga Dubai da Sin. In ka sayi ɗaya, mai gyara zai zaro filas daga aljihu ya zuba maka Windows da Word da Excel, ka biya shi ladan aikinsa, shi ke nan. Mu faɗi gaskiya, kaɗan ne daga cikin waɗannan kwafi ke da lasisin halal. Don haka in wani ya zo Kokoro yana cewa a koma Linux saboda kyauta ce, za a amsa masa cewa ai Windows ɗin ma ba mu biya ba. Kuma kada ku zaci kamfanin bai san da haka ba. Tun 1998 Bill Gates ya faɗa wa ɗalibai a Jami'ar Washington, yana magana a kan ƙasar Sin, cewa in dai satar za a yi, gara a saci tasu, mutane su saba, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Ashe kwafin sata ba Microsoft ya fi cuta ba. Linux ce ya fi cuta, domin ya ƙwace mata hujjarta mafi sauƙin fahimta.

To in ba a kan farashi ake kokawa a nan ba, a kan me ake yi? A kan sabo ake yi. Je ka kowace cibiyar koyon kwamfuta ka karanta allon ƙofa, za ka ga an rubuta Word, Excel, PowerPoint, kamar su ne ilimin kwamfuta gaba ɗaya. Duba sanarwar neman ma'aikata ta ƙungiyoyin agaji da suka cika Bangui, sunayen nan za ka sake gani. Matashin da ke neman aiki ba zai yi caca da makomarsa ba, abin da ake tambaya shi zai koya, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Mai buga takardu kuma yana tsoron kada abokin ciniki ya kawo takarda ya buɗe ta da buɗaɗɗiyar manhajar LibreOffice layuka su goce. Mai gyara shi ma abin da ya gada daga maigidansa shi yake yi. Haka zoben ke rufewa: ana koyar da Windows saboda ita ake nema, ana neman ta saboda ita aka koya.

Sai dai abin da muke ɗauka kyauta ne yana da kuɗin da ake biya a ɓoye. Kwafin da aka fasa masa kariya sau da yawa yakan zo da mugun abu a cikinsa, kuma mai shi na tsoron sabunta shi kada ya kulle. Wane mai shagon buga takardu ne bai san cutar filas ba, wadda ke ɓoye takardun mutum ta bar masa inuwarsu? Ɗalibi ya kwana yana rubuta kundinsa, ya kai a buga, ya dawo da filas ɗin da ya kwaso cuta. Ɗan kasuwa ya rasa lissafin bashinsa na shekara. A sake goge kwamfuta, a sake biyan mai gyara. Ga matsalar wuta: birnin nan ya fi dogara ne da madatsar Boali, mai nisan kusan kilomita 100, kuma kowa ya san yadda kamfanin lantarki na ENERCA ke raba wuta unguwa-unguwa. Wanda ke aiki da janareta ko sola, kowane minti kuɗi ne, ba ya son kwamfutar da za ta tsaya sabunta kanta abokin ciniki na tsaye. Ga tsadar data a Orange da Telecel da Moov. Waɗannan su ne ma'aunan da ya kamata a auna kowace manhaja da su a garin nan, kuma ba za ka same su a mujallar da aka rubuta a California ko Paris ba.

Har alƙaluman da ake kawo mana akwai abin lura a cikinsu. Za ka ji an ce Windows na kan kusan kwamfutoci bakwai cikin goma na tebur a duniya, Linux kuwa wajen kashi 4 cikin 100. Masu wannan ƙidaya, irin su StatCounter, suna ƙirga ziyarar da ake kai wa shafukan intanet ne. Kwamfutar da ke shagon Kokoro tana buga takardun biki da na makaranta daga safe zuwa dare ba tare da ta taɓa hawa intanet ba, ba ta cikin lissafin kowa. Ɗan jaridar da ya karanto maka alƙalami bai faɗa maka yadda aka samo shi ba, rabin labari ya ba ka.

Akwai kuma babban abin da labarin gasar ke ɓoyewa. Ciro wayarka ka duba. In Tecno ce, ko Itel, ko Infinix, ko Samsung, to Android ke cikinta, Android kuwa a kan jigon Linux aka gina ta. Google ya sayi kamfanin Android a 2005, wayar farko ta fito a 2008. Ke hajiya mai sayar da atamfa ta WhatsApp, kai alhaji mai tura kuɗi ta waya zuwa Garoua ko Kano, kun daɗe kuna amfani da Linux ba wanda ya gaya muku. Tun Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya Linux ke tafiyar da su. Mafi yawan manyan na'urorin da ke ɗauke da shafukan intanet ma haka. Shi kansa Microsoft ya sauya taku: a 2014 sabon shugabansa Satya Nadella ya fito ya ce suna ƙaunar Linux, a 2016 suka shiga Gidauniyar Linux, a 2018 suka sayi GitHub, babbar matattarar masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja, a kan dala biliyan 7.5. A 2019 IBM ya sayi Red Hat, kamfanin da ke cin abinci da Linux, a kan dala biliyan 34. Duk wanda har yanzu ke ba ka labarin talakawa masu kyauta suna yaƙar attajirai masu sayarwa, tsohon labari yake maimaitawa.

Amma kada murna ta yi yawa. Jigon Android a buɗe yake, sai dai kantin Play Store da Gmail da YouTube da taswirar Google duk a rufe suke, makullinsu na hannun kamfani ɗaya. A 2019, da gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi, sababbin wayoyinsa suka rasa waɗannan hidimomi, kasuwarsa a wajen Sin ta girgiza. In haka ta sami katafaren kamfani, ƙaramar ƙasa irin tamu fa? Tambayar da ta dace a yau ita ce: wa ke da ikon kashe maka na'urarka daga nesa, wa ke riƙe da bayananka, kuma in ya juya maka baya, kana da wata ƙofar fita?

Kan batun tsaro ma a yi adalci, domin kowane gida ya sha kunya. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta afka wa kwamfutocin Windows da ba a sabunta ba a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani kuskure ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Kanun labarai da yawa sun ɗora wa Microsoft, alhali kuskuren na wani kamfanin tsaro ne mai suna CrowdStrike. A ɗaya gidan, a 2014 an gano ɓarakar Heartbleed a wata buɗaɗɗiyar manhaja da rabin duniya ta dogara da ita, wadda mutane ƙalilan ke kula da ita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Maris na 2024 kuma aka kama wata ƙofar sirri da wani ya shafe shekaru yana shiryawa a cikin manhajar xz. Wanda ya gano ta injiniya ne mai suna Andres Freund, kuma a lokacin a Microsoft yake aiki. Buɗaɗɗen rubutu na ba da damar a duba, amma sai an sami mai dubawa.

Mu a ƙasar nan mun ɗanɗana yadda kafafen duniya ke ɗaukar labarin fasaha. A Afrilun 2022 Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta zama ƙasa ta biyu a duniya, bayan El Salvador, da ta halatta Bitcoin a matsayin kuɗin ƙasa. Cikin 'yan kwanaki sunan Bangui ya cika manyan jaridu, a lokacin da kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke samun intanet. A Maris na 2023 majalisa ta gyara dokar, kuma waɗanda suka ruga da labarin farko kaɗan ne suka dawo ɗaukar na biyu. Wace manhaja ce ke cikin kwamfutocin ma'aikatunmu, nawa ake biyan lasisi, wane tsari ake koya wa ɗalibai a Jami'ar Bangui, waɗannan ba za su taɓa zama kanun labarai a London ba. In mu ba mu tambaya ba, a Radio Ndeke Luka, a Radio Centrafrique, a sassan Hausa da muke saurare safe da yamma, ba mai tambaya mana.

Ga kuma dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 ita ce ranar da Microsoft ya tsayar don daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows XP a 2014 da Windows 7 a 2020. Windows 11 kuwa tana buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da sabon inji, abin da miliyoyin tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Ofisoshin Turai da Amurka za su zubar da su, kuma mun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa: a kasuwanninmu. Za su zo da araha, lafiyarsu ƙalau, amma manhajar da aka saba zuba musu ta rasa mai kula da ita. A nan Linux ke da amfanin da ya fi batun kyauta. Nau'o'inta marasa nauyi na tayar da kwamfutar da ta shekara goma, ana ci gaba da toshe musu ɓaraka, kuma mutum ɗaya zai iya sauke kwafi ɗaya ya raba wa unguwa duka da filas, halal ɗinsa. Wata ƙungiyar sa kai ta Faransa, Emmabuntüs, ta daɗe tana wannan aiki, ana kai gyararrun kwamfutoci makarantun Togo. Ba na ce babu wahala ba. Wata firintar za ta ƙi, wasu manhajojin zane da na lissafin kuɗi ba sa hawa, kuma masu gyaran da suka iya ta ba su da yawa tukuna.

Batun harshe ma na nan. Microsoft ya fitar da fuskar Windows cikin Hausa, kuma abin yabo ne, amma kamfani na fassara ne inda ya hango kasuwa. A tsakiyar shekarun 2000 wasu 'yan Najeriya sun fitar da Wazobia Linux cikin Hausa da Yarbanci da Igbo, ba su nemi izinin kowa ba, domin lasisin ya riga ya ba su. Wannan ƙofa a buɗe take ga Sango da Fulatanci da duk harshen da masu shi suka tashi tsaye.

To me ya kamata a yi? Abokan aikina 'yan jarida, in an turo mana sanarwar kyautar kwamfutoci ko yarjejeniya da wani kamfanin fasaha, mu tambaya: wa ya biya binciken da aka kafa hujja da shi, lasisin na shekara nawa ne, nawa za a biya in ya ƙare, wa zai gyara, kuma a ina bayanan za su zauna? Bayan shekara mu koma makarantar mu ga ko na'urorin na aiki. Masu cibiyoyin koyarwa, ku koya wa yara aikin kansa, rubutu da lissafi da adana bayani, a kan manhaja fiye da ɗaya, don hannunsu ya saba da kowace. Ku samari masu gyara, ku ɗauki tsohuwar kwamfuta ɗaya ku gwada Linux Mint ko Ubuntu, ana iya tayar da su daga filas ba tare da an goge komai ba. Wanda ya iya biyu ya fi wanda ya iya ɗaya kasuwa, kuma manyan na'urorin bankuna da kamfanonin waya masu wannan ilimi suke nema. Hukumomi kuma, kafin a sa hannu a kowace takarda, a lissafa kuɗin shekara biyar, har da horo da gyara. Wanda lissafinsa ya kai shi ga Windows, ya saye ta da lasisinta ya huta da fargaba. Wanda ya kai shi ga Linux, ya tanadi mai koya masa. Abin da ba mu so shi ne a ci gaba da zaɓa mana alhali ba mu ma san akwai zaɓi ba.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Masu gyara da masu buga takardu na Kilomita Biyar, ku kuka fi kowa sanin inda takalmin ke matsi, muna jiran jin ta bakinku a shiri na gaba.